Da Sauƙin Malam Sanda

Duk wanda ya saba hawa bas a Stratford Road ya san Malam Sanda, ko da bai san sunansa ba. Shi ne direban nan dogo mai furfura a gemu, wanda ba ya tashi da mota sai tsohuwa ta gama zama. Mutumin Gumel ne. Ya zo ƙasar nan da ƙuruciyarsa, an turo shi Manchester ya yi digiri na uku a kan ƙasar noma, kuma tun kafin jirginsa ya sauka 'yan uwansa suka fara kiransa Dakta. Ana tsakiyar karatu tallafin ya tsaya, waɗanda suka turo shi suka yi kamar ba su taɓa jin sunansa ba. Ya yi gadi, ya yi wanke-wanke a gidan abinci, yana jira, har ya gane jiran ba shi da ranar ƙarewa. Komawa gida hannu Rabbana kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai ya zuba littattafansa a kwali ya sauko Birmingham, ya koyi tuƙin bas, ya auro Ramlatu, suka zauna a Sparkbrook. A Gumel har yau Dakta ake ce masa, kuma bai taɓa buɗe baki ya gyara wa kowa ba.

Mutum ne mai kunya, irin kunyar nan da idan ta yi yawa takan rikiɗe ta zama taurin kai. Abin da ya fi kowa iyawa kuwa shi ne amsa gaisuwa. Halin mutanenmu dai kowa ya sani: ka je duba mara lafiya yana numfashi da ƙyar, ka ce masa yaya jiki, ya ce maka da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba. Ladabi ne, da godiya ga Allah, da ƙin ɗora wa mai gaisuwa nauyi. Kai ma da ka tambaya ka san ba amsa aka ba ka ba, sai ka dubi idonsa, ka dubi kwanon abincin da bai taɓa ba, in ka fito ka tambayi matarsa a ƙofar ɗaki. Malam Sanda ya ɗauko kalmar nan tun daga Gumel ya kawo ta ƙasar da idan ka ce da sauƙi sai a yarda da kai a wuce ga na gaba. Shekara kusan talatin yana cikin Turawa bai lura da bambancin ba, ko kuwa ya lura, ya ga ya yi masa daidai.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, Nana A'isha, saboda haka ake sakaya sunan ana kiranta Amal, shi kuma Mamana yake ce mata. A Birmingham aka haife ta. Turancinta na 'yan garin ne, Hausarta ta cikin gida ce, tana ji sarai amma in za ta yi magana sai ta riƙa cike gurabe da Turanci. Uban yakan tsokane ta a kan haka, ya ce Mamana ba ta jin Hausa, ta yi dariya ta ce ai shi ya koya mata. Da ta gama sakandare ta ce Manchester za ta tafi ta karanta aikin injiniyan gine-gine, sai ya shiga ɗaki ya yi nafila. Garin da ya baro da kwali a kai da ido a ƙasa, shi 'yarsa za ta shiga ta babbar ƙofa. Daga ranar burinsa ya zama ɗaya: ya zauna a zauren bikin kammala karatu da babbar rigarsa, ya ji an kira sunan Sanda, ya ga an miƙa wa jininsa abin da shi bai samu karɓa ba.

Ciwon daga gwiwa ya faro. Zaman kujerar bas tun da sassafe ba ya barin ƙafar dattijo lafiya, sai wani abokin aiki ya ba shi ibuprofen, ƙwayar kashe ciwon nan da ake saya a kowane shago ba sai likita ya rubuta ba. Ta yi masa aiki, shi kuma ya mayar da ita goro. Yakan haɗiye ta da baƙin shayi kafin ya fita, cikinsa babu komai, don shi ba mai karin kumallo ba ne. Sannan ga sigari. Wannan kam sirrinsa ne, sanyin gadi da ɓacin rai suka koya masa tun yana Manchester. Yakan sha a bayan garejin bas, ya kurkure baki, ya tauna kanumfari, ya shafa turare, ya zo masallaci ya tsaya a sahun farko. A ganinsa duk duniya babu wanda ya sani.

A shekarar ƙarshe ta karatun Amal ƙahon zuciyarsa ya fara zafi, zafi kamar an ajiye masa garwashi, ya fi tsananta in yunwa ta kama shi. Ya ce ƙwannafi ne. Ya jiƙa kanwa ya sha, ya sha madara, ya kuma ƙara ibuprofen, a cewarsa ai maganin ciwo ne, ciki ma ciwo yake yi. Ramlatu tana kallonsa yana ture tuwo, tana kallon wandonsa yana yi masa yawa.

"Malam, cikin nan ne dai?" in ji ta.

"Da sauƙi."

"Ni da sauƙin nan naka ya ishe ni. Na kira GP, ranar Talata za ka je."

Ya je, don ba a yi wa Ramlatu gardama a ci riba. Likitar unguwar yarinya ce, da kaɗan ta girmi Amal. Ta yi masa tambayoyi, ya ba ta rabin amsa. Yana shan taba? Ya girgiza kai. Yana shan maganin kashe ciwo? Jefi-jefi. Bayan gidansa fa, ya canza kala? Nan Malam Sanda ya tsura wa bango ido. Ya kwana biyu yana ganinsa baƙi ƙirin kamar kwalta, amma da wane baki dattijo zai kwatanta wa sa'ar 'yarsa abin da ya bari a banɗaki? Ya ce lafiya lau yake.

Duk da haka likitar ba ta yi wasa ba. Ta ce tana zaton gyambon ciki ne, abin da muke kira olsa, ta ce ya daina ibuprofen daga yau, don yana cinye bangon tumbi. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbin mutum tun yana yaro, ita ce ke haƙa gyambon, kuma a bayan gida ake gano ta. Ta miƙo masa wata 'yar roba mai murfi, da ɗan cokali a jikin murfin. Ya ɗiba kaɗan ya kawo, ranar da ya kawo ya fara shan maganin cikin da ta rubuta, kada ya fara kafin nan don yana ɓata gwajin.

Ya fito da robar a aljihu. A teburin karɓar mutane kuwa wa zai gani? Inaya, 'yar amininsa Maikano, yarinyar da shi ya yi wa huɗuba ranar da aka haife ta. Ta miƙe tsaye ta gaishe shi da ladabi, har da russunawa.

"Baba, in ka kawo sample ɗin ni za ka ba, zan tura maka shi da wuri."

Ta faɗa ne don ta kyauta masa. Shi kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗauko kashinsa a roba ya miƙa wa 'yar Maikano hannu da hannu, sannan ranar Sallah ta zo gidansa ta durƙusa ta gaishe shi? Da ya tambaya da an nuna masa akwatin da ake jefa irin waɗannan a bakin ƙofa, ba mai ganin wani. Da ya ba Ramlatu ma da ta kai ba tare da ta ƙifta ido ba. Amma tambayar kunya ce, gaya wa Ramlatu ma kunya ce. Ya buɗe bayan motarsa ya cusa robar ƙarƙashin tayar safaya. Tunda bai kai ba, bai fara maganin cikin ba. Ibuprofen ya daina na 'yan kwanaki, gwiwa ta ƙi taka birki, ya koma.

Bayan wasu makonni likitar ta bugo masa waya ta tambayi ciwon. Malam Sanda ya ɗauki da sauƙinsa ya juya shi zuwa Turanci, kalma da kalma, ya ce "Better, doctor, thank God." Ta yi murna, ta tuna masa gwajin, ya ce yana nan tafe da shi. Me za ta yi? Ta tambayi babban mutum mai hankalinsa, ya ce mata ya ji sauƙi.

Amal kuma kowace Lahadi take kira.

"Baba, Mama ta ce cikinka. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Mamana."

"Are you sure?"

"Alhamdu lillahi. Yaya karatu?"

Sai ta saki ajiyar zuciya ta shiga ba shi labarin jarrabawa. Shi kuwa ya riga ya tsara abinsa. In ya bari likitoci suka fara tone-tone, kwantar da shi za su yi, ko su hana shi tafiya, bikin kammala karatun kuma a watan Yuli ne. A bari Yuli ya wuce tukuna. Bayan Yuli ko yanka shi za su yi ya yarda.

Ranar bikin Maikano ne ya tuƙa su da sassafe, shi da Ramlatu. Malam Sanda bai ci komai ba, yana tsoron kada ciki ya kunyata shi a cikin taro. Ibuprofen kuwa ya ƙara a kan abin da ya saba, don ba zai yi ɗingishi a gaban masu ɗaukar hoto ba. Da suka tsaya shan mai a hanya ya zaga baya ya zuƙi kara ɗaya. Suka iso Ardwick da hantsi, gidan ɗalibai inda Amal ke zama, ko'ina iyaye ne da furanni da hayaniya. Bikin sai da la'asar. Ya shiga banɗaki ya sauya kaya, ya sa farar shaddar da aka ɗinko masa daga Kano musamman don ranar.

Yana ɗaga hannu ya daidaita babbar riga abin ya same shi. Kamar an soka masa wuƙa a ƙahon zuciya aka juya ta. Ya dafe mazubin ruwa, numfashi ya ƙi shiga. Kafin wani lokaci zafin ya mamaye cikin gaba ɗaya, ya hau har kafaɗarsa ta dama, cikin ya sandare kamar katako. Ya zauna a kan murfin masai, ya gane in bai motsa ba yana iya daurewa, in ya motsa ko kaɗan sai duhu ya rufe masa ido. Ramlatu ta ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce yana zuwa. Da ya samu ya fito, bango ya bi har gadon Amal, ya ce gajiyar hanya ce, a bar shi ya ɗan kishingiɗa.

Muguntar wannan ciwo ke nan. In gyambon ya huda bango, ruwan tsamin tumbi ya tsiyaya cikin mutum, da farko azaba ce da ba a iya ɓoye ta. Bayan 'yan sa'o'i sai jiki ya zubo nasa ruwan ya surka shi, zafin ya lafa, mutum ya ɗauka ya tsira, alhali a lokacin ne cikin ke ruɓewa. Haka aka yi wa Malam Sanda. Wajen azahar ya ji wuƙar ta sassauta. Amal ta riga ta sa baƙar rigar kammala karatu, hular a hannunta, ta durƙusa a bakin gadon.

"Baba, ko mu kira ambulance? Fuskarka ta canza, you look grey."

Ya dube ta cikin rigar, ya ji ƙirjinsa ya cika.

"Da sauƙi, Mamana. Wallahi da sauƙi."

Bai taɓa rantsewa a kan kalmar ba sai ranar, kuma ranar ce kaɗai ya faɗe ta yana ganin gaskiya yake faɗa. Ramlatu, wadda ta san da sauƙinsa ciki da bai, rantsuwar ce ta rufe mata baki.

A wajen bikin, ɗalibai ƙofarsu daban, iyaye tasu daban. Ya taka zuwa kujerarsa a sunkuye, babbar riga tana rufa masa asiri. Ga zauren, ga fitilun, ga dandamalin da ya daɗe yana gani a zuciyarsa. Gumi mai sanyi yana bin bayansa, ƙishirwa ta bushe masa harshe, zuciyarsa tana gudu kamar ta wanda aka koro. Aka sa kiɗa, malamai suka shigo a jere, jama'a duka suka miƙe. Shi ma ya miƙe, don ba zai zauna kowa yana tsaye ba. Ƙafafunsa suka ƙi. Ya zube tsakanin kujeru, hularsa ta gangara ƙarƙashin ƙafar wata Baturiya, amai ya ɓata gaban farar shaddar. Abu na ƙarshe da ya gani shi ne wata yarinya mai baƙar riga tana ture mutane daga can gaba, tana kiran Baba da muryar da bai taɓa jin ta da ita ba.

A motar asibiti ma da aka tambaye shi zafin, "better" ya ce. A ɗakin gaggawa wani likita baƙar fata ya zo, ya ji Ramlatu tana salati da Hausa, ya ja labule ya sunkuyo.

"Baba, sannu. Sunana Nyam, ɗan Jos ne ni, likitan tiyata. Yanzu ba gaishe ka zan yi ba, tambayarka zan yi. Gaisuwa sai ka warke. Yaushe ya soke ka?"

Malam Sanda ya rufe ido. An kama shi a cikin harshensa, babu inda zai ɓuya. Ya ce tun hantsi. Likitan ya ɗora hannu a cikin, ya ɗan danna ya saki, dattijon ya yi ƙarar da bai san yana da ita ba. Wane magani yake sha? Ya faɗa. Sau nawa? Kullum. Bayan gida baƙi? Ya gyaɗa kai, matarsa tana tsaye, 'yarsa tana tsaye da rigar biki.

"Taba fa, Baba?"

Ya kawar da kai. Ramlatu ce ta amsa, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Yana sha, likita. Tun kafin ya aure ni. Kanumfarin yana aljihunsa na dama."

Ashe shekara da shekaru tana wanke rigunan tana zubar da kanumfari tana yin shiru. Bai iya duban ta ba, Amal kuwa ko gefen da take bai juya ba.

Hoton ciki ya nuna iska ta fita daga inda ya kamata ta zauna, alamar akwai huda. Likita Nyam ya yi musu bayani a gurguje, da Hausa ga Ramlatu, da Turanci ga Amal: gyambon ya ɓule, dole a shiga yanzu a toshe a wanke cikin, kowace sa'a da ta wuce haɗarin ƙaruwa yake. Aka sa masa ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Aka zura masa roba ta hanci har tumbi. Aka cire shaddar aka sa a leda. Wata nas, ita ma ba ta wuce sa'ar Amal ba, ta sa masa robar fitsari tana ba shi haƙuri. Mutumin da ya kasa miƙa 'yar roba mai murfi, ga shi kwance babu abin da ya rage masa a rufe. Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne, kuma ba na zafin ciki ba ne.

Sai washegari ya dawo hayyacinsa sosai. Ga roba a hanci, ga wata a gefen ciki tana zubar da ruwa cikin jaka, ga ɗinki tun daga ƙirji har ƙasan cibiya. Likita Nyam ya zo zagaye ya gaya masa yadda aka yi. Sun so su yi aikin ta ƙananan huda da na'urar gani, amma cikin ya riga ya ɓaci saboda daɗewa, dole suka buɗe. Hudar tana farkon hanji, daidai mafitar tumbi, ba ta fi ƙwayar wake ba. Sun ɗinke ta, suka jawo tantanin kitsen da ke lulluɓe da hanji suka yi mata faci, suka wanke cikin da ruwan ɗumi har ya fita tas. Da an ƙara jinkiri, in ji shi, da wata maganar ake yi.

"Ita kuma ƙwayar cutar nan ta tumbi za mu duba ta, in tana nan maganinta na sha ne, mako ɗaya ko biyu. Ibuprofen kun rabu har abada, taba ma haka. GP ɗinka bai taɓa cewa ka yi gwaji ba?"

Malam Sanda ya tuna tayar safaya. Ya ce an ce.

Maikano ya kira mutane, 'yan masallaci suka cika mota daga Sparkbrook suka zo dubiya. Kowa ya ce yaya jiki, kowa ya samu da sauƙinsa ya yi addu'a ya tafi. Babu wanda ya ambaci biki. Amma a ƙarƙashin kujerar da Amal ke zama akwai leda, baƙar rigar tana ciki a ninke da hular a kai, ba ta samu sukunin mayar da ita ba. Duk juyin da zai yi sai idonsa ya faɗa kan ledar. Da suka rage su biyu ya tambayi Ramlatu a hankali ko an kira sunan.

"An tsallake," in ji ta. "Sun ce in tana so ta shiga na watan Disamba. Ta ce ba ta so, 'yan ajinsu duk sun watse."

Daga nan in ya ji takun Amal sai ya rufe ido kamar mai barci. Ya fi masa sauƙi a kan ya haɗa ido da ita. A haka ne, wata rana da rana tsaka, ya ji su a bayan labule, uwa da 'ya, suna magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, laifina ne."

"Wane irin laifinki?"

"Kowace Lahadi ina tambayarsa. Ke kin san da sauƙi ba ya nufin komai. Ni na ɗauka it means better. Da Hausata ta yi kyau da na gane tun January, da na zo na kai shi asibiti da kaina."

"Ni mai Hausar ai rantse min ya yi. Ki daina wannan magana."

"Kullum yana cewa ba na jin Hausa. He was right, Mama."

Ta yi kuka a hankali, irin na wadda ba ta so mara lafiya ya farka. Malam Sanda yana kwance ido a rufe. Ya ji kunya a rayuwarsa iri-iri, ta kwalin littattafai, ta sunan Dakta, ta kanumfari, ta robar fitsari, amma duk ba su kama ƙafar wannan ba. Ya ƙwace wa yarinya ranarta, ranar da ta yi shekaru tana wahala dominta, ya zube a gaban abokanta da iyayensu, sannan ita ce ke zaune tana tuhumar harshenta. Kalmar da ya koya mata tun tana ƙarama, in ta faɗi ta kurje gwiwa ya ce ki ce da sauƙi, da ita ya rufe mata ido.

Kashegari ya tashi ɗinkin yana cin sa fiye da jiya, jikinsa kuma da ɗumi. Nas ta nuna masa maɓallin da zai danna in ya ji wani abu, amma tun safe yake kallon maɓallin, yana cewa kada ya dame su, suna da waɗanda suka fi shi. Da hantsi Amal ta shigo. Wannan karon bai rufe ido ba. Ta gyara masa matashi, ta zauna, ta ce sannu Baba, ta ɗauko wayarta. Sai a lokacin ya lura cewa tun da ya farfaɗo daga tiyata sannu kawai take ce masa.

"Mamana."

"Na'am, Baba."

"Ba ki tambaye ni jiki ba."

Ba ta ɗago ba. "Na san amsar."

"Tambaye ni."

Ta ajiye wayar a cinya. Idanunta sun kumbura, ta dube shi kamar mai tsoron a sake yi mata abin da aka yi mata.

"Yaya jikin, Baba?"

Kalmar ta zo masa har kan harshe da kanta, yadda ta saba zuwa tun yana yaro a Gumel. Ya riƙe ta, ya haɗiye ta da ƙyar, robar hancin tana sukar maƙogwaronsa.

"Babu sauƙi," in ji shi. "Tun safe ɗinkin yake ci na, nan gefen dama. Ina jin zazzaɓi. Ina kuma jin tsoro." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Hausarki ba ta da laifi, Mamana. Kin ji daidai. Ni ne na ɓuya a bayanta. Ki yafe min."

Amal ta sunkuyo kansa. Ta ɗora tafin hannunta a goshinsa, ta ji zafin, ta miƙa ɗaya hannun ta danna maɓallin kiran nas. Sannan ta matso da kujerarta, ƙafarta ta ture ledar rigar zuwa ƙarƙashin gado.

"In ta zo," ta ce, "ka faɗa mata yadda ka faɗa min."

Ya ce to.